Injin Wanke Kwanuka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsabtace Shi da Kula da Shi

Wanda ya fahimci abu ɗaya game da wannan inji ya huta da rabin matsalolinsa: ruwa kaɗan yake ɗiba, kuma shi yake ta juyawa. Injinan zamani suna gama wanki guda da lita 10 zuwa 13 ko kusa da haka. Famfon da ke cikin injin yana tura ruwan zuwa sama ya daki kwanuka, ruwan ya gangaro ƙasa, ya bi ta mataci, famfo ya sake tura shi. Duk inda hanyar nan ta toshe, dattin da aka wanke daga wannan faranti kan wancan zai koma. Yawancin abin da ake kira lalacewar inji toshewa ce kawai.

Injin da aikinsa wanki ne, me zai sa shi ma ya buƙaci wanki?

Saboda ba duk dattin ne ke bin ruwa ya fita ba. Maiƙo yana narkewa da zafi, amma da injin ya huce sai ya daskare a wuraren da feshi ba ya kaiwa: ƙarƙashin ƙofa, lungun roba, cikin mataci. Guntun ƙashi, ƙwayar shinkafa, 'ya'yan lemo, takardar da ake liƙawa a jikin kwalba, duk mataci ne ke tare su, kuma nan za su zauna har sai an sa hannu an cire. Ruwan kansa yana barin farin ƙanzo a kan abin da ke ɗumama shi. Injin yana wanke abin da ruwansa ya taɓa, sauran kuma aikin mai shi ne.

Yaya ake wanke mataci, kuma sau nawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta.

A jawo kwandon ƙasa a fitar da shi gaba ɗaya. A tsakiyar gindin injin, ƙarƙashin hannun feshi, wato sandar nan mai huji da ke juyawa, za a ga wani abu mai siffar kofi. A yawancin injina ana murɗa shi zuwa hagu sannan a ɗaga. Ƙarƙashinsa ko kewaye da shi akwai faifan raga na ƙarfe, shi ma yana ɗagowa. Wasu matatan gida biyu ne ko uku, ɗaya cikin ɗaya, a raba su. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, domin ragar tana da laushi, kuma huji ɗaya ya isa ya bar tsakuwa ko gilashi ya wuce zuwa famfo. A ɗaga matacin a duba shi ta hasken taga: idan haske ba ya ratsa ragar, da sauran maiƙo, a jiƙa shi a ruwan zafi na 'yan mintuna a sake gogewa.

Kafin a mayar, a leƙa ramin da aka ciro shi. A duba da ido tukuna, kada a cusa yatsa kai tsaye, saboda fasasshen gilashi can yake taruwa kuma ba a ganinsa cikin ruwa. Wurin mayarwa a murɗa har sai ya zauna daram, alamun kibiya biyu sun haɗu idan akwai su. Matacin da bai zauna ba ya fi mai datti illa, don datti zai bi gefensa ya shige.

Batun sau nawa kuwa, gidan da ke kunna injin kullum ya duba kowane mako. Gidan da ke kunnawa sau biyu ko uku a mako zai iya kaiwa wata guda. A ganina gara a ɗaura abin da wata rana tsayayya a mako, don aikin bai wuce minti biyar ba, kuma matacin da ake wankewa a kai a kai ɗauraya kawai yake buƙata.

Akwai wasu injina, musamman tsofaffin ƙirar Amurka, da ke da abin niƙa datti a maimakon matacin da ake cirewa. Littafin bayanin injin zai faɗi wanne ne naku.

Sai na ɗauraye kwanuka kafin in jera su?

A'a. A kankare ragowar abinci a zuba a shara, shi ke nan. Sabulun injin yana ɗauke da sinadaran da ke narkar da sitaci da furotin, aikinsu ke nan. Injina da yawa kuma suna da na'urar da ke auna dauɗar ruwa a farkon wanki. Idan ta ga ruwa garau sai ta rage tsawon wankin, tukunyar da ke da ƙanzon gaske ta fito ba ta wanku ba. Ga kuma asarar ruwa: ɗauraya a ƙarƙashin famfo a buɗe tana iya cinye fiye da abin da injin zai sha a wankinsa duka. Abin da ya ƙone ya manne shi ne kaɗai ya cancanci a jiƙa shi tukuna.

Na wanke mataci amma kofunan kwandon sama suna fitowa da tsaki-tsakin datti. Me ya rage?

Hannayen feshi, wato waɗannan sanduna masu huji da ke juyawa kamar farfela, ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin kwandon sama. Babu buroshi ko soso a cikin injin, ƙarfin feshin ruwa ne ke yin wankin. Haka abin yake tun injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a Amurka a 1886, wanda ta nuna a baje kolin duniya na Shikago a 1893: dabararta ita ce ruwa mai ƙarfi ya daki kwanukan da aka jera cikin kwandon waya. Wasu daga cikin hujin an karkatar da su ne da gangan, fitar ruwa ta cikinsu ke sa hannun ya juya. Idan waɗannan suka toshe, hannun zai tsaya cik, ruwa ya riƙa dukan wuri ɗaya.

A cire hannayen. Na ƙasa yawanci ɗaga shi ake yi, na sama kuma ana kwance wani zobe. A bi hujin ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, a zuba ruwa ta tsakiya a girgiza, a juye dattin ya fito. Kada a faɗaɗa hujin da ƙusa, don ƙarfin feshin zai ragu. Bayan an jera kaya, a riƙa kaɗa hannayen da yatsa kafin a rufe ƙofa. Sau da yawa mariƙin ludayi ne ko dogon faranti ke tare su.

Daga ina warin nan yake fitowa?

In mataci yana da tsabta, a duba robar da ta zagaye ƙofa, da kuma leɓen ƙofar na can ƙasa, wurin da ba a gani sai an buɗe ta gaba ɗaya an sunkuya. Feshi ba ya zuwa nan ko kaɗan, amma miya da maiƙo suna ɗiga wurin duk lokacin da ake jera kwanuka. A goge da tsumma mai ɗumi da ɗan sabulu, a buɗa ninkin robar da yatsa a shiga ciki. Wannan ba batun wari kaɗai ba ne. Wani bincike da masana daga Jami'ar Ljubljana ta ƙasar Sulobeniya suka wallafa a 2011 ya gano baƙar funfuna mai jure zafi da sabulu a robar ƙofar injina da yawa. Damshi da ɗumi da ragowar abinci ne ke raya ta.

Bayan an kwashe kwanuka, a bar ƙofar a ɗan buɗe cikin ya sha iska. Idan warin na kwata ne, to tiyon fitar da ruwa ake zargi. Ya kamata ya yi sama ya lanƙwaso a ƙarƙashin kantar kicin kafin ya haɗu da bututun wurin wanke-wanke. In yana kwance a ƙasa, ruwan datti yana iya komowa cikin injin.

Ruwan khal da bekin soda suna aiki da gaske? Bilic fa?

Khal fari, wato vinegar, yana da tsami kusan kashi 5 cikin 100, kuma tsami yana narkar da farin ƙanzo. A zuba kofi guda a kwano, a ajiye a tsaye a kwandon sama, a kunna injin ba kaya a tsari mafi zafi. Sau ɗaya a wata ya isa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuba khal a gidan ruwan ɗauraya, wato sinadarin da ake sa wa injin don kwanuka su bushe ba tabo, a bar shi yana zaune, domin tsamin yana iya cinye robobin wurin a hankali. Wasu kamfanonin ma sun fi son a yi amfani da garin sitirik asid, wato tsamin da ke cikin lemon tsami, ko maganin wanke inji da ake sayarwa musamman. Wanda injinsa ke cikin garanti ya bi abin da littafinsa ya ce.

Bekin soda wari take kashewa. A barbaɗa a gindin injin a kunna gajeren wanki. Kada a zuba ta tare da khal a wanki ɗaya, suna kashe ƙarfin juna, kumfa kawai za a gani.

Bilic kuwa a yi hattara sosai. Kada a taɓa haɗa shi da khal ko wani abu mai tsami, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, mai ƙona huhu. Kuma injin da cikinsa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, bilic yana ɓata shi. Ni dai shawarata a bar shi gaba ɗaya.

Kofunan gilashi suna fitowa da farin hazo. Sabulun ne ba shi da kyau?

Abu biyu ne ke kawo wannan, maganinsu kuma kishiyar juna ne, don haka sai an gwada kafin a yanke hukunci. A jiƙa kofi ɗaya a khal na minti biyar. Idan hazon ya tafi, ƙanzon ruwa ne. Idan bai tafi ba, gilashin ne ya ci.

Ƙanzo yana zuwa ne daga ruwa mai yawan kalsiyam da maganiziyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa. A da sinadarin fosfet da ke cikin sabulu yana rufe wannan matsala, amma an rage shi ƙwarai saboda illarsa ga koguna da tafkuna: jihohi da dama na Amurka sun taƙaita shi a 2010, Tarayyar Turai kuma daga Janairun 2017. Tun daga nan gyara ruwan ya ƙara zama dole. Injinan ƙirar Turai yawanci suna da na'urar tausasa ruwa a cikinsu, da wani rami mai murfi a gindi inda ake zuba gishirin inji. Gishirin ba ya shiga wankin kwanuka. Aikinsa ya wanke 'yan ƙwayoyin da ke kama kalsiyam domin su ci gaba da kamawa. Ana saita na'urar daidai da nauyin ruwan gidan, ana iya auna shi da 'yar takardar gwaji.

Cin gilashi kuma yana faruwa ne idan ruwa ya yi laushi da yawa, sabulu ya yi yawa, zafi ya yi yawa. Wanda ya riga ya ci ba ya gyaruwa. Sauran kofunan za a iya ceto: a rage sabulu, a zaɓi tsarin gilashi mai ƙarancin zafi.

Zan iya zuba gishirin girki a maimakon na injin?

Kada a yi. Gishirin girki gari ne mai laushi, kuma galibi an sa masa sinadarin hana dunƙulewa, yana iya toshe na'urar. Ran farko ana cika ramin da ruwa kafin a zuba gishiri. Kuma a riƙa zubawa dab da za a kunna injin, domin ruwan gishirin da ya malalo in ya kwana a kan ƙarfe yana huda shi.

Ruwan ɗauraya dole ne? Kuma me ya sa kayan roba ba sa bushewa?

Ruwan ɗauraya yana sa ruwa ya zame daga jikin kwano shimfiɗe, maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo ya bushe ya bar tabo. Injina da yawa da zafin ɗaurayar ƙarshe suke busar da kaya, don haka rashinsa yana bayyana nan da nan. Idan an ga shuɗin zane-zane a gilashi, ya yi yawa, a rage ma'auninsa. Roba kuwa ba ta riƙe zafi kamar tangaran da ƙarfe, shi ya sa ruwan jikinta ba ya ƙafewa. Ba laifin injin ba ne. A fara kwashe kwandon ƙasa, don kada ruwan na sama ya ɗiga kan busassun faranti.

Sabulun injin ya ƙare. In sa na wanke-wanken hannu sau ɗaya?

Ko sau ɗaya kada a sa. Kumfarsa za ta cika injin ta fito ta ƙofa, famfo kuma ba ya iya tura kumfa. In an riga an yi kuskuren, a tsayar da injin, a kwashe kumfar, a kunna ɗauraya da ruwa zalla har sai ta ƙare.

Na buɗe na tarar da ruwa kwance a gindin injin.

Ɗan ruwa a cikin ramin mataci daidai ne, kullum yana nan. Wanda ya hau har ya rufe gindin injin shi ne matsala. A cire filogi daga wuta tukuna. A kwashe ruwan da kofi da soso, a wanke mataci. A duba tiyon baya ko ya lanƙwashe ko injin ya danne shi. A duba ko bututun wurin wanke-wanke ne ya toshe, don hanyarsu ɗaya. A wasu injina akwai ɗan murfi a cikin ramin, in an ɗaga shi za a ga ƙaramar farfelar famfo, guntun gilashi ko ƙwallon 'ya'yan itace yana iya maƙale ta. A ciro da hantsaki, a tabbatar tana juyawa, a mayar da murfin ya kama. Injinan kamfanin Bosch suna nuna lambar E24 a allonsu idan ruwa ya ƙi fita. Sauran kamfanoni kowa da lambobinsa, suna cikin littafin.

Dunƙulen sabulu yana fitowa bai narke ba.

Ko dai wani faranti ya tare murfin gidansa, ko gidan yana da damshi lokacin da aka saka shi ya manne, ko an zaɓi wanki gajere da bai ba shi lokaci ba. A goge gidan ya bushe, a sa shi da busasshen hannu.

Kwandon ya fara tsatsa, har tana ɓata cokula.

Wayar kwandon ƙarfe ce da aka lulluɓe da roba. Inda rufin ya ɓare, nan tsatsa ke kamawa, yawanci a kan tsinin sandunan. A goge wurin da takardar yashi, a shafa fentin gyaran kwando, a sa 'yan hulunan roba da ake yi don haka. In an bari, ɓarɓashin tsatsa zai bi ruwa ya shiga famfo. Wuƙa mai kaifi da aka jefa a kwando ita ce ta fi yanka rufin.

Me bai kamata ya shiga injin ba?

Kayan katako suna kumbura su tsage. Tukunyar baƙin ƙarfe tana rasa man da ya kama jikinta ta yi tsatsa. Alminiyam yana yin baƙi, tagulla tana dushewa, wuƙar kirki tana dakushewa. Kayan da ke da adon ruwan zinariya adon yana gogewa. Azurfa kada ta taɓa cokulan ƙarfe a cikin wanki, tana yin tabo. Kwalba mai takarda a ɓare takardar tukuna. Abin da ya taɓa toka, kakin kyandir, fenti ko man inji, wannan ba wurinsa ba ne.

Kullum tsarin tattalin wuta nake amfani da shi. Akwai laifi?

Tsari ne mai kyau, yana wanki da zafin kusan digiri 50, yana ɗaukar lokaci mai tsawo a madadin zafi. Sai dai maiƙo yana taruwa sannu a hankali a bututun ciki idan injin bai taɓa yin zafi sosai ba. Sau ɗaya a wata a kunna tsari mai digiri 65 ko 70.

Gidana akwai ƙananan yara. Me zan kiyaye?

Sabulun injin ya fi na hannu kaifi nesa ba kusa ba, yana ƙona baki da maƙogwaro da ido, ga dunƙulen masu launi suna kama da alewa a idon yaro. A ajiye su a sama ko a kulle. Kada a zuba sabulu sai lokacin da za a rufe ƙofa a kunna, a kuma duba gidansa bayan wanki ko akwai saura. In yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, a wanke masa baki a garzaya asibiti tare da kwalin sabulun. Wuƙaƙe tsininsu ya kalli ƙasa, ko a kwantar da su. Ƙofar da aka bari a shimfiɗe tana kayar da mutum, yaro kuma in ya hau kanta injin da ba a ɗaure ba yana iya rinjayowa.

Zan yi tafiya ta makonni. Yaya zan bar shi?

A yi wanki na ƙarshe ba kaya, a wanke mataci, a rufe famfon da ke ba shi ruwa, a cire filogi, a bar ƙofar a ɗan buɗe.

Yaushe zan daina gwadawa in kira mai gyara?

Idan ana jin ƙaurin ƙonewar waya, ko injin yana ɗauke wutar gida duk lokacin da aka kunna, ko jikinsa yana jan mutum, a cire shi daga wuta, kada a sake kunnawa. Idan ruwa yana fitowa ta ƙarƙashinsa, a rufe famfo. Injina da yawa suna da tire a can ƙasa mai na'urar da ke jin yoyo, tana tsayar da komai ta bar famfon fitar da ruwa yana ta aiki, a Bosch alamar ita ce E15. Wasu suna karkata injin su zubar da ruwan tiren, ya tashi ya ci gaba. Amma ruwan daga wani wuri ya fito, kuma zai dawo, wataƙila kan wayoyin wuta. Haka nan idan kwanuka suna fitowa da sanyi da maiƙo, alamar abin ɗumama ruwa ya mutu, ko ana jin ƙarar niƙa bayan an tabbatar babu komai a famfo. Kafin a kira, a rubuta lambar da allon ya nuna da lambar ƙirar injin, wadda yawanci take a gefen ƙofa ta ciki, domin mai gyaran ya zo da kayan da suka dace tun zuwan farko.